Amsa ga ƙaninmu na Dakota kan hitar gas a motar kwana

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da warhaka, ya sanyi? To, na saurari saƙon ƙaninmu da ya samu aiki a Williston, can Dakota ta Arewa, wanda yake kwana a motar nan mai ɗaki da ake kira RV. Ya ce hitar da ta zo da motar tana shanye masa batir da gas, sai ya sayo ƙarama ta ɗauka, Mr. Heater Buddy, yana tambaya ko zai iya barinta a kunne ya kwanta. Na ga wasu sun rubuta masa wai ba komai, ai tana kashe kanta. Shi ya sa na ce bari in yi magana da baki, rubutu ba zai ɗauke maganar nan ba.

Ƙanina, don girman Allah kar ka yi barci da ita a kunne. Su kansu masu ƙera ta haka suka rubuta a takardar da ke cikin kwalin, ka ɗauko ka duba. Na san sanyin wajenku ba wasa ba ne, a Janairu yakan sauka ƙasa da sifili da digiri 30, amma ka tsaya ka ji dalili.

Hitar da aka gina a jikin motar, wutarta a cikin akwati rufaffe take ci. Daga waje take jawo iska, hayaƙinta ma waje yake fita ta ɗan ramin nan na gefen mota. Ɗumin kawai take turo maka ciki. Ita kuwa Buddy, a cikin ɗakin da kake numfashi take cin wuta. Iskar da kake shaƙa ita take ci, abin da ta fitar kuma nan yake zama tare da kai. Ka gane bambancin ko?

Yawwa, sai maganar kashe kanta. Gaskiya ne tana da abin da ke kashe ta idan ta faɗi, tana kuma da wanda ke kashe ta idan oksijin ya yi ƙasa. Iskar da muke shaƙa kusan kashi 21 cikin 100 oksijin ce, idan ta sauko wajen kashi 18 sai wutar ta mutu. To amma oksijin kaɗai abin yake lura da shi. Ba ya jin kabon monoksayid ko kaɗan, wato iskar gubar da wuta ke fitarwa idan ba ta ci da kyau ba. Idan ƙura ta toshe mata hanya, ko wutar ba ta ci da kyau, za ta iya fitar da gubar nan alhali oksijin bai sauka inda zai kashe ta ba. Gubar kuma ba wari, ba launi, ba ta sa tari. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau fiye da 200. Wanda yake farke zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya, jiki ya mutu kamar mura za ta kama shi amma ba zazzaɓi, sai ya tashi ya fita. Mai barci fa, wa zai gaya masa? Abin da kasko na gawayi yake yi wa mutanenmu a gida lokacin hunturu, a rufe ƙofa da taga a kwanta a wayi gari ana salati, shi ne dai wannan. A nan Amurka ma hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta ce sama da mutum 400 ke rasuwa duk shekara ta wannan hanyar, ban da waɗanda gobara ta ci.

Ba wai na ce ka mayar da ita shago ba. Tana da amfaninta. Ka dawo aiki, ka kunna ka ɗumama wuri, ka yi salla, ka ci abinci, idonka biyu. Amma a buɗe taga. Ita ƙaramar Buddy mai BTU 9,000 (ma'aunin ƙarfin ɗumi ke nan), mafi ƙarancin buɗewar da masu ƙera ta suka ce shi ne kafa mai inci 3 tsawo inci 3 faɗi, babbar mai 18,000 kuwa ninki biyu. Ni dai shawarata ka ɗan zuge taga ɗaya, ka kuma ɗaga murfin iska na rufin mota, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Za ka ga kamar asarar ɗumi kake yi, ka daure. Akwai ma wata riba, domin duk laba 1 ta gas da ta ƙone tana barin sama da laba 1 da rabi ta ruwa a cikin iska. Shi ne gumin da kake gani yana zuba a gilashi, in ya daɗe bango da katifa su yi funfuna.

A ƙasa za ka ajiye ta, wuri mai daidai. Gabanta ƙafa 2 babu komai, samanta ƙafa 2 da rabi. Ba bargo, ba labule, ba sallaya, kuma kar ka shanya safa ko rigar aiki a kanta, musamman ku masu aikin mai da kayanku ke shan maiƙo.

Na'urar ƙararrawa biyu nake so ka tabbatar kana da su, ta kabon monoksayid kusa da inda kake kwana, da ta yoyon gas can ƙasa kusa da daɓe, saboda gas ɗin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa. Ka ciro su ka duba bayansu, akwai kwanan wata. Yawanci shekara 5 zuwa 7 suke yi su mutu, ko da ɗan hasken yana nan yana ƙyalli. Motar da aka saya hannu na biyu, sau da yawa nata sun daɗe da ƙarewa.

In za ka haɗa ta da babbar tukunya mai laba 20, tukunyar a waje take zama, a tsaye, tiyo kaɗai ke shigowa. Ka sa matatar da suke sayarwa tare da tiyon. Duk inda aka ɗaura, ka shafa ruwan sabulu, in ya yi kumfa to akwai yoyo. In ka ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kar ka taɓa makunnin lantarki, ka fita ka rufe tukunya.

Da dare kuwa, hitar motar za ka bari, ka rage ta ƙasa ka ƙara bargo. A motoci da yawa ita ce ma ke ɗumama ƙarƙashi inda bututun ruwa da tankuna suke, in ka kashe ta gaba ɗaya ruwa ya daskare bututu ya fashe, kuɗin gyaran ya fi na gas ɗin da kake tattali. In sansaninku akwai wutar lantarki, ka jona, maganar batir ta ƙare. Kullum da safe ka leƙa ramin hayaƙin nan kar ƙanƙara ta toshe shi, ka kuma lura kar janaretan maƙwabci ya riƙa turo hayaƙi wajen tagarka.

In ƙararrawa ta yi kuka, ko ka ji kanka yana sarawa, kar ka tsaya neman dalili. Fita waje tukuna, ka kira 911, ka ce musu kana zargin kabon monoksayid ne.

Ka ɗauki hoton bayan na'urorin nan biyu ka turo mana yau kafin ka kwanta, in duba maka kwanan watan. Allah Ya tsare mu baki ɗaya. Wassalamu alaikum.