Amsa ga baban yaron da ke kukan gwiwa bayan atisayen ƙwallo

Malam, sannu da ƙoƙari. Ka ce ɗanka mai shekara 11 yana buga ƙwallo a wani kulob na unguwa a Tudun Wada, Zariya, koci yana fito da su ƙarfe biyu na rana, su zagaye fili sau 15, wanda ya yi kuskure ya sha tsallen kwaɗo ko bulala, ga shi yanzu yaron yana kukan gwiwa. Kana tambaya ko ka cire shi.

Damuwarka tana kan hanya, amma kada ka yi gaggawa. Yawancin kociyoyin unguwa ba biyansu ake yi ba, kuma atisayen manya da suka taso a ciki shi suke ɗora wa yara. Tushen matsalar ke nan, domin ƙashin ɗan shekara 11 bai gama ƙwari ba.

Fara da gwiwar. Ka taɓa ɗan tudun ƙashin da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, a saman ƙwauri. In nan ne ya tasa kuma yake zafi, galibi ciwon girma ne da likitoci ke kira Osgood-Schlatter, yana kama yara masu wasa daga shekara 10 zuwa 15. Jijiyar da ta sauko daga cinya ce ke jan wurin da ƙashi ke tsiro, tsallen kwaɗo a busasshiyar ƙasa kuwa ƙara fama shi yake yi. Ya huta da tsalle da gudu mai tsanani har zafin ya lafa, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 bayan wasa. Kada a kai shi wurin mai ɗori a ja, ba targaɗe ba ne. In yana ɗingishi, ko gwiwar duka ta kumbura, ko ciwon na tashinsa da dare, ko da zazzaɓi, ku tafi asibitin koyarwa na Shika likitan ƙashi ya duba.

Ƙarfe biyu kuwa ba lokacin atisaye ba ne a Zariya, balle a Maris da Afrilu da zafi ke kusantar digiri 40. A koma bayan La'asar ko da sassafe. Duk minti 15 zuwa 20 a tsaya a sha ruwa, kamar rabin ledar fiya wata. Hana ruwa ba ya ƙara juriya. Yaron da ya ce yana jin jiri, ko ciwon kai, ko tashin zuciya, a kai shi inuwa a jiƙa masa jiki nan take. Da hunturu kuma a kula da masu asma saboda ƙura.

Kafin ka yi magana da kowa, je ka zauna gefen fili ka kalli atisaye ɗaya. Zuba wa ɗanka ido minti goma, ka ƙirga sau nawa ƙafarsa ta taɓa ƙwallo. In rabin lokacin a layi yake yana jira, ko yana zagaye, ba ƙwallo ake koya masa ba. Na shekarunsa awa ɗaya zuwa minti 75 ya isa, sau biyu ko uku a mako: kwata na ɗumama jiki, sai tarewa da fasin da yanka, sannan wasan huɗu-huɗu ko bakwai-bakwai a ƙaramin fili. Juriyar da ake nema da zagaye, a nan ake samunta. Dubi girman ƙwallon ma. Lamba 4 ce tasu, lamba 5 sai daga shekara 13. Batun buga ƙwallo da ka, tun 2015 hukumar ƙwallon Amurka ta hana shi ga 'yan shekara 10 zuwa ƙasa, ta kuma taƙaita shi ga 'yan 11 zuwa 13. Yaron da ya yi karo da ka ya ruɗe, ya gama wasa ke nan a ranar, ko da ya ce ya warke.

Sannan ka sami kocin shi kaɗai, ba gaban yara ba, ba kuma ranar da aka ci su ba. Ku je ku biyu ko uku daga cikin iyaye, ku fara da godiya, ku riƙo masa ƙwallo lamba 4 guda biyu da jakar ruwa. Abu uku za ku nema: sauya lokaci, daina tsallen kwaɗo, da ba kowane yaro damar bugawa ranar wasa, ba a cika fili da ƙattin da aka rage wa shekaru don cin kofi ba. Ku ba shi mako uku ku gani.

Inda ba na goyon bayan haƙuri shi ne duka. In ya ƙi ajiye bulala, cire yaron. Haka in yana keɓewa da yaro shi kaɗai, ko tafiyar kwana ba tare da wani daga cikin iyaye ba. In kuma ya fara neman kuɗin kai yaro gwaji Turai, kada ka ba da ko sisi, domin dokar FIFA ta hana ɗauke ɗan wasan da bai kai 18 ba zuwa kulob ɗin wata ƙasa, sai a 'yan yanayi ƙalilan, kamar iyayensa su koma can da zama don dalilin da bai shafi ƙwallo ba.