Wane ƙaramin kan ampili mai lampu ya dace da ƙungiyar da ke kiɗan biki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni makaɗin gita ne a nan Damagaram, unguwar Zongo. Mu biyar ne a ƙungiyarmu: gita biyu, bas, fiyano da ganguna. Ba mu da waƙoƙin kanmu tukuna, na mutane muke kaɗawa a wuraren biki da suna. A dare ɗaya mukan yi kiɗan Abzinawa, mu juya na Kwango, mu taɓa na finafinan Kano, wani lokaci samari su nemi rok. Tsohon ampilina ya gaji, kuma raina ya biya da mai lampu, ƙarami wanda zan iya ɗorawa a kabu-kabu. Na tara jika 600. Wani abokina ya ce in sayi Orange Tiny Terror. Wat 15 zai ishe ni, ko in nemi wani?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa albarka a sana'a. Abokinka bai nuna maka abin banza ba. Tiny Terror ya fito a 2006, kuma shi ne ya buɗe kasuwar waɗannan ƙananan kawunan, wato ampili zalla marar lasifika a jikinsa, da ake riƙewa a hannu ɗaya kamar kwanon abinci. Lampu, wato ƙwayayen gilashin da ke ƙara ƙarfin sauti, samfurin EL84 guda biyu gare shi, yana ba da wat 15, ana iya rage shi zuwa 7, muryarsa kuwa akwai daɗi. Amma ba shi zan ce ka saya ba, kuma dalilina yana cikin tambayarka.

Dubi jerin abin da kuke kaɗawa. Kashi uku cikin huɗu sauti ne garau, wanda ake son kowace tsirkiya ta fito daban: yatsun Kwango masu gudu, da kiɗan arewa mai maimaituwa kamar tafiyar raƙumi. Shi kuwa ampili mai lampu halinsa irin na maroƙi ne. Yana magana a hankali murya wasai, da ka matsa masa ya ɗaga sai ta fara dishewa. Wannan dishewar ita ce masu rok suke biyan kuɗi su samu, don haka aka ƙera Tiny Terror ya kai gare ta da wuri. Kai kuma abin da kake bukata shi ne tazarar da ke tsakanin inda ake jin ka sosai da inda murya ke fara dishewa. Iya faɗin tazarar nan, iya amfanin ampilin a wurinka. A ɗaki wat 15 sai ya kusa tsaga kunne. A filin biki a Birni ko Sabon Gari, babu rufi, bangon da zai maido da sauti yana nesa, mai ganguna ya ɗauki zafi, mata suna guɗa, za ka murɗa shi har ƙarshe, kuma a nan kiɗan Kwangonka zai koma gurnani ko kana so ko ba ka so. Ga shi kanal, wato hanyar sauti mai muryarta daban, ɗaya gare shi, ba za ka taka da ƙafa ka sauya murya a tsakiyar waƙa ba.

To sai ka ce a ƙara wat ke nan. A nan mutane da yawa suke asarar kuɗi. Ninka wat ba ya ninka ƙara. Daga 15 zuwa 30 abin da ke ƙaruwa desibel (ma'aunin ƙara) 3 ne kacal, kunne zai ji bambanci amma kaɗan. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka sai wat ya ƙaru kusan sau 10. Abin da ƙarin wat yake saya maka shi ne tazarar nan da na faɗa, ba amo ba. Shi ya sa nake ganin wat 20 mai kanal biyu shi ne daidai da aikinka, muddin ka haɗa shi da bafil (akwatin lasifika) na kirki, kuma sautinka yana bi ta sono, wato manyan lasifikokin wurin biki.

Maganar bafil ɗin nan ina so ka riƙe ta da kyau, don ita ake rainawa. Kowane lasifika akwai adadin ƙarar da yake fitarwa da wat ɗaya, ana rubuta shi da desibel. Celestion Vintage 30, misali, yana ba da 100, yana kuma ɗaukar wat 60. Idan ka haɗa kanka da lasifika mai 97, ka yi asarar desibel 3, wato tamkar ka raba wat ɗinka biyu ka zubar da rabi. Na sha ganin yaro ya sayi kai mai tsada ya jona shi da wani tsohon bafil na rediyo da kafinta ya yi wa akwati, sannan ya zo yana cewa an cuce shi. Bafil mai lasifika ɗaya na inci 12 ya isa, kuma shi ne kabu-kabu zai iya ɗauka. Idan kuna zuwa da adaidaita ko mota, mai biyu ya fi cika fili. Kada ka ajiye shi a ƙasa yana yi wa gwiwoyinka kiɗa. Ɗora shi bisa kujera ko benci ya fuskanci kunnenka, za ka ga ka daina murɗa ƙara.

Yanzu ga waɗanda zan sa a gabanka. Na farko Peavey Classic 20 MH. Wat 20 ne, ana rage shi zuwa 5 ko 1 don gwaji a gida, EL84 biyu, kanal biyu da ake sauyawa da ƙafa, akwai amsa-kuwwa a cikinsa, akwai ƙofofin Send da Return a baya inda za ka jona fedal ɗinka na maimaita sauti don kada ya cakuɗe. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙofar XLR da ke bayansa. Waya ɗaya za ka ja zuwa teburin sono, sautinka ya fita ta manyan lasifikoki ba tare da ka kafa mikro a gaban bafil ba. Duk wanda ya taɓa kiɗa a wurin da yara ke gilmawa suna ture sandar mikro ya san darajar wannan. Ka lura yana da ɗan'uwa mai kama da shi, 6505 MH, kada mai kanti ya miƙo maka shi a madadinsa, wannan na masu kiɗan ƙarfe ne zalla, wato rok mai tsananin gurnani.

Na biyu Marshall DSL20HR. Shi lampu EL34 biyu yake amfani da su, wat 20 ko 10, kanal biyu, muryarsa ta fi kauri, kuma idan samari suka nemi rok babu wanda zai kama ƙafarsa a cikin waɗannan. Sai dai ya fi girma da nauyi, ya doshi kilo 10. Na uku Hughes & Kettner TubeMeister Deluxe 20 na Jamus, wajen kilo 5, shi ma da XLR, kuma yana daidaita wutar lampunsa da kansa. Sautinsa garau ne ƙwarai, wasu ma suna cewa ya cika kaifi. Idan kuwa zuciyarka ta kafe a kan Orange, to ka nemi Rocker 15 Terror, shi aƙalla kanal biyu gare shi.

Da ni ne kai, Peavey ɗin zan ɗauka. Ba don ya fi sauran daɗin murya ba, a'a, don ya fi su dacewa da mutumin da ke canza salo sau huɗu kafin a raba goro. Aibinsa shi ne maɓallan daidaita sauti ɗaya ne ga kanal biyun, Marshall ɗin ma haka, don haka ka daidaita su a kan sautin garau, ɗaya kanal ɗin ya bi.

Sauran magana ta garinmu ce, kuma ita ce mai kashe ampili. Kuran ɗinmu, wato wutar lantarki, bolt 220 ne. Kayan da aka yi don Amurka na 120 ne, kuma irinsu suna shigowa cikin kayan gwanjo ta Kano da Kwatano. Kafin ka biya ko dala ɗaya, juya bayan ampilin ka karanta abin da aka rubuta kusa da inda wayar wuta ke shiga. Idan 120 kaɗai ka gani, bar shi, ko da an karya maka kuɗi. Sannan galibin bukukuwa da gurup (janareta) ake yi, wutarsa tana hawa da sauka duk lokacin da aka jona firji ko aka ƙara fitilu. Lampu ba sa son haka. Sayi regilatar (na'urar daidaita wuta) mai kyau, mai ɗaukar wat 500 ko 1000, ya zama naka kai kaɗai, ba wanda za a jona masa fanka da cajin waya ba. Kuma kada ka kunna ampili sai gurup ya tashi ya daidaita, ka kashe shi kafin a kashe gurup.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ba ta da sassauci: kada ka taɓa kunna kan ampili mai lampu ba tare da an jona shi da bafil ba, sai fa idan yana da maɓalli na musamman da aka yi don kashe lasifika. Na taɓa gani da idona a wani biki. Yaron ƙungiya ya kunna kai, wayar bafil tana yashe a ƙasa bayan kujera, mai gita yana ta bugawa yana murɗa ƙara yana mamakin shiru. Kafin wani ya ankara sai wari irin na ƙonannen fenti ya tashi. Taransifon fitar da sauti ya tafi, kuma samun irinsa sai da aka yi watanni ana aike. Haka kuma ka duba om, lambar da aka rubuta a bayan bafil da ƙofofin kai: idan bafil 8 ne, ƙofar 8 za ka sa, idan 16 ne, ta 16. Bafil biyu masu 16 idan aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, wato haɗin paralel, suna komawa 8. Wayar da ke tsakanin kai da bafil kuma wayar lasifika ce mai kauri, ba wayar gita ba, duk da bakinsu iri ɗaya ne.

Zafi da ƙura su ma sai ka yi musu shiri. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, lampu suna ƙara nasu a kai. Kada ka jingina shi da bango, kada kowa ya ɗora masa riga ko hula, idan da hali ka sa masa ƴar fanka a baya. Idan an tashi, bar shi ya huce minti goma kafin a ɗora shi a babur, domin lampu mai zafi ba ya jure girgiza, ka kuma naɗe shi da bargo ko soso a cikin jaka. Da hunturu kuwa jar ƙurar nan tana shiga maɓallai, sai ka ji suna ƙarar-ƙarar idan ka murɗa. Rufe shi duk lokacin da ba ya aiki. Kada ka buɗe cikinsa da kanka: akwai wuta sama da bolt 300 da kan zauna a ciki ko bayan an zare shi daga bango. Kai wa mai gyara wanda ya san aikin lampu.

Game da jika 600 ɗinka, kada ka zuba su duka a kan kai. Idan kana duba farashi a kantunan Turai ta intanet, yuro ɗaya sefa 656 ne, sai ka ƙara kuɗin kawowa da na kwastan. Sabon kai kaɗai zai iya cinye fiye da rabin abin da ka tara, don haka na hannu mai lafiya ba abin kunya ba ne, in dai ka gwada shi rabin awa da ƙara sosai, ka saurari ko yana tsaki ko ƙugi, ka leƙa ka ga ko farantin cikin wani lampu yana yin jajawur kamar garwashi, wanda alamar matsala ce. Abin da ya rage ka raba shi tsakanin bafil, regilatar, da kayan ajiya. Lampu yanzu a ƙasashe kaɗan ake yin su, Sulobakiya da Rasha da Sin, ba za ka shiga Kasuwar Dole ka samo su ranar da kake bukata ba. Tun wajen sayen ampilin ka haɗa da EL84 biyu waɗanda aka gwada aka daidaita tare, da ƙaramin lampu 12AX7 ɗaya, da fizibil (fis) guda uku ko huɗu masu lamba daidai da wadda aka rubuta a bayansa. Ka sa su a ƙaramin gwangwani da auduga, su zauna a jakar gitarka.