Amsa kan ƙarin ruwan mai ƙuna da garkuwar jiki

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba ƙanenka lafiya. Ka ce wutar fetur ta kama shi a Ƙauran Namoda, da aka kai shi Gusau likitoci suka cire ruwan gishirin da aka sa masa suka maye da wani ruwan ƙari mai suna Ringer, kana tambaya ko irin ruwan yana taɓa garkuwar jiki. Na daɗe ina jinyar masu ƙuna. Yana taɓawa, kuma sun yi daidai.

Ƙuna mai tsanani tana sa jijiyoyin jini yoyo, ruwa ya gudu cikin tsoka, fararen ƙwayoyin jini su harzuƙa, daga baya kuma garkuwa ta yi sanyi. Ruwan gishiri yana da sinadarin kuloraid 154 a lita, na jini bai wuce kusan 100 ba, na Ringer 109. In aka zuba ruwan gishiri da yawa jini yana yin tsami, ƙoda ta wahala. Ringer ma an ga yana ɗan tsokano fararen ƙwayoyi a gwajin ɗakin bincike, amma shi ne mafi kusa da jini cikin abin da muke samu. Ruwan sitaci kuwa, wani nau'in ruwan ƙarin ne, tun 2013 Turai ta hana sa wa mai ƙuna saboda ƙoda.

Sai dai abin da ya fi tayar min da hankali shi ne adadi da lokaci. Lissafin Parkland, wanda ake auna ruwan mai ƙuna da shi, mililita 4 ne sau nauyi sau kason fatar da ta ƙone. Mai kilo 60 da ya ƙone kashi 40 za a ƙara masa lita 9.6 a awa 24, ledar rabin lita kusan 19 ke nan, rabi cikin awa 8 na farko, kuma daga lokacin ƙunar ake ƙirgawa, ba daga isowa asibiti ba. Mutanenmu sai sun biya ta kemis an rataya musu ruwan sukari guda, su iso fitsari ya yi ja kamar shayi. Idan kuma aka wuce kima, huhu ya jiƙe, hanji ya kumbura, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa.

Don haka ka zuba ido kan jakar fitsarinsa. Ana son mililita 30 zuwa 50 a awa ga babba. In ya ragu, ka kira nas nan take. Kar ku matsa a ƙara masa leda don tausayi, kuma da zarar likita ya yarda a fara ba shi kunu da madara, ko ta robar hanci ce, ku fara, domin hanjin da ke samun abinci ya fi tare ƙwayoyin cuta.