Na yi odar gajeren wando, an aiko mini da kamfai

Tambaya: Ina sayar da kayan yara a Kantin Kwari. Na yi odar gajeren wando dozin goma daga Chana ta WhatsApp, na rubuta musu knickers. Da kaya suka iso sai na tarar da kamfan mata. Sun ce abin da na rubuta suka aiko. Wa ke da laifi, kuma yaya zan yi?

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Gaskiya ɗaci gare ta, amma mutanen nan ba su cuce ka ba. A Turancin Najeriya ne ake kiran gajeren wando knicker. A Ingila knickers kamfan mata ne, kuma ma'anar da mai kayan ya ɗauka ke nan. Kalmar da ya kamata ka rubuta ita ce shorts.

Irin wannan tarko yana da yawa a harkar tufafi, domin Turancin kashi uku ne: namu, na Ingila, na Amurka. Mu idan muka ce pant kamfai muke nufi, haka ma Baturen Ingila, amma wurin Ba'amurke pants dogon wando ne. Vest singileti ce a Landan, a Amurka kuwa 'yar shara ce marar hannu da ake ɗorawa a ƙarƙashin kwat. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce jumper, uwar jamfarmu. Ka rubuta ta kana jiran jamfar Sallah, sai a cika maka kwali da rigar sanyi a tsakiyar bazara.

Don haka kada ka ƙara barin kuɗinka su rataya a kan kalma ɗaya. Ka shimfiɗa wandon da kake so a kan teburin shago, ka ɗora tef ɗin tela a ƙugu da tsawo, ka ɗauki hoto yadda lambobin za su fito, ka tura. Ka ba su awon da santimita, don XL ɗinsu sau da yawa bai kai namu ba. Sannan su aiko samfur ɗaya ka taɓa da hannunka kafin ka biya kafin alƙalami, wanda galibi kashi 30 cikin 100 ne. Ragowar sai ka ga bidiyon kayan kafin a rufe kwali. In yadi za ka saya, ka tambaya da mita ake lissafi ko da yadi, domin mita 100 ta kai yadi 109.

Game da kayan da ke hannunka, mayar da su Chana zai ci fiye da kuɗinsu. Nemi masu haɗa lefe da matan da ke sana'a a cikin gida, ka sayar musu a kan sari ko da uwar kuɗi kawai za ka fitar. Shi kuma mai kayan ka lallaɓa shi ya yi maka ragi a oda ta gaba, tun da yana son ka dawo.