Ka tambaye ni dalilin tutar Ghana a ƙofar shagona

Ƙanena, na ga saƙonka tun jiya, wai ka ga hoton shagona da tutar Ghana tana kaɗawa a ƙofa shi ne kake tambaya ko mun daina zama Hausawa ne. Wallahi sai da na yi dariya. Ba kai ne na farko ba, duk wanda ya zo mana daga Kano sai ya yi wannan maganar, musamman in ana ƙwallo.

To bari ka ji. Kakanmu fataucin goro ne ya kawo shi, ya bi hanyar Gwanja ya zauna a Salaga kafin ya gangaro Kumasi, a nan Zango aka haifi babana, a nan aka binne cibiyata. Lokacin da aka ɗaga wannan tutar ranar 6 ga Maris 1957 mu mun riga mun daɗe a ƙasar, tutar ce ta same mu a nan. Kafin ita ta Turawan Ingila ce ke sama, ƙasar ma sunanta Gold Coast.

Mace ce ta zana ta, wata malamar makaranta mai suna Theodosia Okoh, ta rasu a 2015. Kala uku ne a kwance, ja a sama, ruwan gwal a tsakiya, kore a ƙasa, sai baƙin tauraro a tsakiyar gwal ɗin. Tun muna firamare ake sa mu haddace ma'anar kamar karatun allo: ja jinin waɗanda suka mutu wajen neman 'yanci, irin tsofaffin sojojin nan uku da aka harbe a Accra ranar 28 ga Fabrairu 1948 sun fito neman haƙƙinsu, ruwan gwal arzikin ƙasa ne don zinariyar Obuasi ba ɓoyayya ba ce, kore kuma daji da gonakin koko. Kalolin daga Habasha aka aro su saboda ita ce ta kori Turawan Italiya a Adwa a 1896. Tauraron kuwa daga Marcus Garvey ya samo asali, mutumin Jamaika da ya kafa kamfanin jiragen ruwa mai suna Black Star Line a 1919, kuma daga nan ne 'yan ƙwallonmu suka samu suna Black Stars. Abin da yara da yawa ba su sani ba, a 1964 Nkrumah ya cire gwal ɗin ya sa fari don ta yi kama da tutar jam'iyyarsa CPP, da sojoji suka kifar da shi a 1966 aka mayar da ita yadda take.

Amma kar ka ɗauka soyayya ce tsantsa tun farko, a'a. A shekarar da aka samu 'yancin ma Nkrumah ya kori manyan Zangon Kumasi biyu zuwa Najeriya, ɗayansu Alhaji Amadu Baba, don suna ɓangaren adawa. Sannan ga 1969, gwamnatin Busia ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasar cikin sati biyu. Kakata har ta rasu in ta tuna sai ta yi shiru, ta ce maƙwabta sun sayar da gado da kwanuka da keken ɗinki a kuɗin da bai kai ya kawo ba, aka loda su a manyan motoci, wasu an haife su a nan ko hanyar Kano ba su sani ba. Mu Allah ya sa muka tsira. Tun daga lokacin tsofaffi suka dage a kan yaro ya yi takardar haihuwa, ya shiga boko, ya yi zaɓe, kar wani ya sake nuna mana ƙofa. Shi ya sa in ka ga ɗan Zango ya rataya tutar nan a tasi ko a teburin koko da ƙosai, cewa yake nan gidana ne. Ku ma dai kun rama a 1983 zamanin Shagari, har yau jakar nan kuna ce mata Ghana must go, to an yi kunnen doki.

Hausar kuwa tana nan daram, ko da kuna mana dariya wai muna ce wa mace "ya zo". Da ita ake wa'azi, da ita ake ciniki, Dagomba da Mosi da Zabarmawa duk da ita suke magana a Zango. Tuwo na nan, Ghana gaba ɗaya tana ce masa tuo zaafi, wake da shinkafa ya koma waakye. Ranar 6 ga Maris yaranmu su yi fareti da yunifom suna ɗaga tuta, da yamma su ɗauki allo su tafi makaranta.

Maganar ƙwallo kuma, kar ma ka taso da ita. Mohammed Kudus ɗan unguwar Nima ne a Accra, yaron Zango, kana so in bar shi in goyi bayan wa? A Maris 2022 da Ghana da Najeriya suka yi canjaras babu ci a filin Baba Yara nan Kumasi, aka je Abuja aka yi ɗaya da ɗaya muka wuce gasar kofin duniya ta Qatar, ina sane na kira ka sau uku a daren ba ka ɗauka ba. Ka gaida Inna, ka ce mata goron na nan tafe da direban da zai taso ranar Laraba.