Harsashina na sauka ƙasa ta hagu: laifin bindigar ne ko nawa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Wata huɗu ke nan da na kammala takardun lasisi na sayi ƙaramar fistol, Glock 43, don in riƙa yawo da ita a jikina. A filin koyon harbi, daga mita 7 kacal, harsasaina na taruwa ƙasa ta hagu, wajen taƙi guda daga tsakiya. Da hannun dama nake harbi. In kai ta a gyara saiti ne, ko in sayar in nemi wata?

Amsa: Kada ka taɓa saitin tukuna, kada kuma ka yi gaggawar sayarwa. Ƙasa ta hagu ga mai harbi da dama tsohon ciwo ne, kusan duk mai koyar da harbi ya san shi, kuma galibi daga hannu yake fitowa.

Amma kada ka ɗauki maganata haka nan. Ka samu teburi a filin, ka ɗora hannuwanka kan buhun yashi, ka harba biyar a tsanake. Ko ka miƙa wa wanda ya fi ka gogewa ya harba biyar. In suka taru a tsakiya, bindiga ta wanke kanta. In har a kan buhun ma suna karkata wuri guda, to a nan ne za a je wajen mai gyara.

Ga abin da ke faruwa. Bindigar taka ba ta wuce rabin kilo da 'yan kai ba, amma kunamarta na bukatar ƙarfin kusan kilo biyu da rabi kafin ta tashi. Wato yatsa ɗaya na danna nauyin da ya ninka na bindigar sau huɗu zuwa biyar. Da ka fizgi kunama, sauran yatsu su ma sai su matse, baki ya sunkuya ya karkata hagu. Ƙari a kan haka, jiki ya riga ya san ƙara da bugun da ke zuwa, sai ya tura bindigar ƙasa don ya tare su tun harsashi bai fita ba. Mai harbi ba ya jin yana yi, domin ƙarar ta rufe komai.

Shi ya sa nake son harsashin roba, wanda ba shi da albarushi. Ka ba abokinka ya cusa biyu ko uku cikin na gaske a magazin, wato gidan harsasai, ba tare da ka ga inda suke ba. Na taɓa yi wa wani ɗalibi haka, mutumin da ya rantse hannunsa ba ya motsi. Harbi na uku kunama ta yi ƙas, ba ƙara, ba hayaƙi, sai ga bakin bindiga ya duƙa kamar mai gaisuwa, idanunsa duka biyu a runtse. Ya tsaya yana kallon hannunsa. Ban ƙara ce masa komai ba, gani ya kori ji.

Maganin kuma ba ya cin harsashi ko ɗaya. Ka cire magazin, ka ja bayan bindigar ka duba cikinta da ido da yatsa, ka fitar da harsasai daga ɗakin gaba ɗaya, ka fuskanci bangon da ka tabbata ba kowa a bayansa. Ɗora kwanson harsashi a tsaye a kan bindigar kusa da tsinken saiti na gaba, ka danna kunama a hankali, kai tsaye zuwa baya, har ta tashi kwanson bai faɗi ba. Minti goma kullum ya fi awa biyu sau ɗaya a wata. Hannun hagu shi ne zai riƙe da ƙarfi; na dama ya ɗan sassauta don yatsa ya samu sakewa. Idonka kuma a kan tsinken gaba, allon da kake auna ya ɗan yi dishi-dishi, ba laifi.

Masu ɗora laifi kan gajartar bindiga suna da 'yar gaskiya, amma kaɗan ce. Tsakanin saitin gaba da na baya a taka wajen santimita 13 ne, a babbar yayarta Glock 17 wajen 16 da rabi. Kuskuren milimita ɗaya a saiti zai kauce da kai santimita 5 da ɗoriya a mita 7, ita babbar kuma 4 da ɗoriya. Santimita guda ke nan tsakani. Ba shi ne taƙin da kake gani ba. Wahalar ƙarama tana wajen riƙo: mariƙinta gajere ne, ƙaramin yatsa na reto, ga rashin nauyi da ke sa bugun harsashinta na 9mm ya shiga hannu sosai, shi kuma bugun ya haifi zabura. Ni a ganina kuskure ne mutum ya fara koyo da ita. In filin na ba da haya, ka yi 'yan makonni da mai ƙaramin harsashi .22 ko babbar fistol, sannan ka dawo.

To, ta dace da kai? Riƙe ta ba harsashi, ka duba ko tsokar kan yatsanka na zama daidai a kan kunama ba sai ka murɗa hannu ba, ko kana iya jan bayanta da sakin magazin ba da kokawa ba. Sannan ka tambayi kanka ko za ka iya harba hamsin a zama ɗaya ba ka ƙosa ba, don bindigar da kake gudun atisaye da ita ba za ta yi maka rana ba. Kuben da za ka sa ta dole ya zama mai tauri, ya rufe kunama ruf. Kuma yawo da makami ya wuce iya saiti: sai ka san abin da dokar ƙasarka ta ce kan inda aka hana shiga da shi da lokacin da ya halatta a zare shi, sai kana da akwati mai makulli saboda yara, sai kana iya haɗiye zagi ka wuce.

Ka ba ta wata biyu da atisayen nan. In a mita 7 biyar ɗinka suka fara taruwa cikin faɗin tafin hannu, riƙe abarka. In har yanzu hannunka na zabura da ita amma yana natsuwa da wadda ta fi ta girma kamar Glock 19, ka canja.