Dalilin da ya sa muke zuba wa barewa furotin tun Fabrairu

Ɗana, tambayarka kashi biyu ce. Ka ce me ya sa muke zuba kuɗi a buhunan furotin tun watan Fabrairu, alhali yawancin maharba ba sa shigowa gandun nan sai Nuwamba. Ka kuma ce me zai hana mu tsaya a kan masara, tunda ta fi araha kuma barewa sun fi rububinta. Tambaya ce ta mai lura, don haka zauna ka ji.

Fara da ƙahon, domin shi ne abin da maharbin Teksas ke biyan kuɗi a kansa. Barewar nan mai farar wutsiya, namijinta yana zubar da ƙahonsa duk shekara a ƙarshen hunturu, sabo kuma ya tsiro daga tushe. Daga wajen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta ƙahon yana girma a cikin wata fata mai laushi mai gashi-gashi, jini yana gudana a cikinsa, kuma a wannan lokacin yawancin abin da ya ginu da shi furotin ne. Da Satumba ta shigo sai ya ƙafe ya zama ƙashi, namijin ya goge fatar a jikin itace. Daga ranar nan an rufe littafi. Ko ka zuba masa tirela guda ta abinci a Oktoba, ƙahon ba zai ƙara ko tsawon farce ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, me ya kai mu Fabrairu tunda ƙaho sai Afrilu? Barbara. A nan kudancin Teksas mazan suna bin mata a watan Disamba, suna faɗa, suna yawo dare da rana, da kyar suke sa abu a baki. Babban namiji yakan fito daga wannan hali ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. Jiki kuwa yana da tsarinsa: sai ya biya bashin naman da ya zube kafin ya tura wani abu zuwa kai. Namijin da ya shiga Afrilu da haƙarƙari a waje, makonnin farko na tsiron ƙahonsa sun tafi a banza. Muna zuba abinci da wuri ne don ya murmure kafin tsiron ya fara.

Masara kuma, furotin ɗin da ke cikinta bai wuce kashi 8 ko 9 cikin ɗari ba, sauran kusan duk sitaci ne. Barewa mai girma ko mai shayarwa tana bukatar abincinta gaba ɗaya ya kai wajen kashi 16. Abincin buhun da muke saye, wanda aka murza ƙwaya-ƙwaya, daga 16 zuwa 20 yake. Masara tana da aikinta, kar ka raina ta: ita muke sa wa injin da ke watsawa safe da yamma a lokacin farauta don dabba ta fito fili maharbi ya ƙare mata kallo. Wannan jan hankali ne kawai. Kuma ka kiyaye ta da hannu biyu. Barewa dabba ce mai tuƙa, ƙwayoyin halittar da ke tumbinta sun saba da ganye. Idan ta cika ciki da masara farat ɗaya, tumbin ya yi tsami, sai gudawa, wani lokaci har mutuwa. Buhun da ka ga ya yi fumfuna ko ya dunƙule, kar ka ce asara ce a zubar. Dafin aflatoksin da fumfuna ke fitarwa yana lalata hanta, kuma tsuntsayen da ke tsintar abin da ya zuba, irin su talotalon daji da salwar nan ta Amurka, sun fi barewa saurin cutuwa da shi.

Angurya ma muna amfani da ita, irin wadda kuke ba shanu a gida da rani. Furotin ɗinta ya haura kashi 20, tana da maiƙo sosai, ruwan sama bai cika ɓata ta ba, kuma aladun daji da rakun, wata 'yar dabbar daji mai satar abinci, ba su damu da ita ba. Shi ya sa ka ga muna cusa ta a kwandon waya kawai, ba rumbun zuba wa barewa abinci ba murfi. Sai dai akwai sinadarin gosifol a cikinta, wanda idan ya yi yawa yana taɓa ƙarfin haihuwar namiji. Ni dai ina janye ta makonni kafin barbara, kuma ba na barin ta zama ita kaɗai ce abin ci.

Yanzu ga abin da masu sayar da buhu ba za su gaya maka ba. A ganina, rabin amfanin furotin ba a kan mazan yake ba, a kan matan yake. Macen da ta ƙoshi a ƙarshen cikinta da lokacin shayarwa takan raya 'ya'ya biyu, a shekarar fari kuwa da ba a taimaka mata ba watakila ko ɗaya ba zai kai kaka ba. Masu bincike na cibiyar Caesar Kleberg da ke Kingsville sun yi shekaru suna gwada wannan a manyan shingaye a kudancin jihar nan, kuma abin da suka gani ya yi daidai da abin da muke gani: inda ake ciyarwa, 'ya'ya sun fi rayuwa, jiki ya fi nauyi, ƙaho ya fi girma. Labari mai daɗi ke nan, amma shi ne tarkon. Bakuna suna ƙaruwa kowace shekara, dajin kuwa bai ƙara ko eka ɗaya ba. Barewa ba ta daina kiwo don ka ajiye mata rumbu. Har yanzu tana cin ganyen guajillo da granjeno da 'ya'yan mesquite da ƙananan ciyayi masu faɗin ganye da ke fitowa bayan ruwa. Ranar da ka ga bishiyoyi sun yi tas daga ƙasa har iyakar inda bakin barewa ke kaiwa, garke ya fi ƙarfin daji. Don haka wanda ya ɗauki ciyarwa ya ɗauki harbin mata tare da ita. Muna ƙidaya da kyamarori da jirgi mai saukar ungulu, mu kai lissafi ga jami'in hukumar kula da namun daji ta Teksas, a tsayar da adadin da za a cire, kuma a cire shi duka. Baƙi da yawa ba sa son harbin mace, kowa ƙaho yake so ya rataya a bango. Wannan aikin a kanmu yake faɗawa, ni da kai.

Ka yi lissafin da kanka. Ka ɗauka kowace barewa tana cin kilo 1 a rana, kuma wasu sun fi haka. Barewa 100 ke nan kilo 100, fiye da buhu huɗu na fam 50, wato tan 3 a wata. Mai gandun da ba zai iya riƙe wannan shekara bayan shekara ba, gara kar ya fara. Ya hayayyafa garke da buhu, sa'an nan aljihu ya yi sanyi a shekarar fari ya daina, dabbobin su faɗa kan dajin da ba zai ɗauke su ba. Da ya kashe kuɗin wajen kai ruwa lungu-lungu da rage shanun da ke kiwo a wurin, da ya fi masa.

Kar kuma ka sa ran ganin abin mamaki a bana. Ƙaho mafi kyau sai namiji ya kai shekara biyar zuwa shida. Ɗan da uwarsa ta ci abincin da ka zuba jiya, sai nan da shekara biyar za ka ga abin da ya zama, in wani mai gaggawa bai harbe shi yana ɗan shekara biyu ba. Akwai kuma jini: wani namijin ko me ya ci, ƙahonsa tsaka-tsaki zai tsaya.

Abu ɗaya ne ke hana ni barci a harkar nan, ciwon ramewar nan da ke cin ƙwaƙwalwar barewa. An fara gane shi a Kolorado a 1967, ya bayyana a Teksas a 2012, ba shi da magani, kuma yana bin miyau da fitsari da kashi. Rumbu kuwa wuri ne da bakuna da yawa ke shiga rami ɗaya. Shi ya sa wasu wurare suka hana ciyarwa ɗungurungum, kamar kudancin jihar Mishigan tun 2019. Idan wata rana aiki ya kai ka wata jiha, ka tambayi doka kafin ka buɗe buhu. A nan kuma, duk barewar da ka gani ta rame, kai a sunkuye, miyau na dalala, ba ta gudun mutum, kar ka taɓa ta; kira ni, mu kira hukuma.

Gobe da sassafe za ka zaga rumbunan gabas. Ka sa hannu cikin kowane bakin rumbu, in abincin ya jiƙe ya toshe ka kwashe shi ka kai nesa ka binne. Ka duba shingen da ya kewaye: tsayinsa inci 34 ne, aladu ba sa tsallake shi amma suna tona ƙarƙashinsa, don haka ka bi ƙasan da ido. Wurin da muka rage tsayin waya don ƙananan barewa su iya shiga, ka tabbata bai lanƙwashe ba. Sabon rumbun da muka kafa kusa da tafki, ka gauraya masa masara kaɗan a sama har su saba da shi, kana ragewa kowane mako. Ka ciro katin kowace kyamara, ka rubuta buhu nawa kowane rumbu ya ci, ka kawo mini littafin kafin azahar.